Yadda za ka tono tarihin ƙaramar hukumarku

In kana son rubuta tarihin ƙaramar hukumarku kar ka fara da sakatariya, in ka je abin da za su nuna maka bai wuce allon sunayen ciyamomi ba, shi ma wani lokacin an tsallake kantomomi. Fara da gunduma, don yawancin ƙananan hukumomin karkara a Arewa kan iyakar ƙasar hakimai aka yanka su.

Ɗauki Ringim. Yau a Jigawa take, amma Jigawar kanta sai 27 ga Agusta 1991 Babangida ya cire ta daga Kano, kafin nan Ringim gunduma ce ƙarƙashin Sarkin Kano, masarautarta ma sai bayan an yi jihar ta samu. To kaga duk wata tsohuwar takarda tata da sunan Lardin Kano za ka neme ta, in ka je kana cewa a ba ka fayil ɗin Jigawa na zamanin Turawa dariya kawai za a yi maka.

Wurin zuwa shi ne ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, sai Gidan Arewa, a Kano kuma Gidan Ɗan Hausa. Ka tambayi rahoton ƙiyasin haraji da Di'o-Di'o, wato jami'an mulkin Turawa, suke rubutawa, nan ne fa naman yake, Bature ya bi ƙauye-ƙauye a kan doki yana rubuta sunan dagaci, yawan magidanta, shanu nawa aka yi wa jangali, wace rana kasuwa ke ci, har rijiyoyi yakan ƙirga. Sai dai a kula, yadda suka ji suna haka suke rubuta shi, gari ɗaya sai ka gan shi da rubutu iri biyu ko uku. Kuma lissafinsu na mutane kar ka haɗiye shi gaba ɗaya, wa zai faɗi gaskiyar yawan gidansa alhali haraji ake yankawa?

Shekarun da za ka riƙe: 1903 Turawa suka ci Kano, 1976 aka yi garambawul ɗin da ya binne En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, aka fito da ƙananan hukumomi 301, aka ƙara a 1989 da 1991, Abacha ya kai su 774 a 1996. Gano a wane zubi taku ta faɗo, kuma daga jikin wa aka cire ta.

Sannan tsofaffi. Je fadar hakimi amma kar ka tsaya nan, bafade tarihin gidan ubangidansa zai ba ka. Nemi limamin gari, sarkin pawa, tsohon malamin haraji, da tsofaffin mata, su ne suka riƙe shekarar yunwa da ta fari. A Ringim dole ka tambayi zancen tashar jirgin ƙasa na layin Kano zuwa Nguru da cinikin gyaɗa. Ka riƙe goro, ka ɗauki murya a waya bayan ka nemi izini, in mutum biyu sun saɓa rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa.