Yadda ake sa wa kare kayan Halowin

A Amurka ranar 31 ga Oktoba ake bikin Halowin, kuma har karnuka ake yi wa shigar dodanni, a New York ma akwai faretin karnuka na Tompkins Square. In kana can kuma kana da kare to ga yadda ake yi.

Da farko ɗauko tef ka auna wuyansa da ƙirji da tsawon baya, kar ka yi cinke. Yatsunka biyu su iya shiga tsakanin riga da wuya.

Sai ka ajiye masa kayan ya shinshina, washegari ka sa masa na minti biyar ka cire ka ba shi ɗan nama, kullum kana ƙara lokaci. Kar kayan su rufe ido ko hanci ko baki fa, don shi kare da haki yake rage zafin jiki, sannan ka cire maɓallai da duk wani tarkacen da zai iya haɗiyewa.

In ya noƙe wutsiya yana ta lasar baki wallahi ba ya so, ɗaura masa ɗan ƙyalle mai hoton kabewa a wuya kawai. Ranar bikin kuma ka ɓoye cakulan, guba ce gare shi.