Kurakuran da ake yi wajen ƙirga waɗanda aka haifa a wajen Chadi

Na gaji da gyara kuskure iri ɗaya a takardun ɗaliban da ke kawo mini aikinsu a nan Njamena, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya huta.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar adadin 'yan gudun hijira a ce shi ne adadin mazauna Chadi da aka haifa a ƙasar waje. Ni ma ya taɓa kayar da ni. Na yi wata biyu ina haɗa wa wani ofishi rahoto, na kwashi alƙaluman hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya na zuba su gaba ɗaya, aka dawo mini da shi da jan biro tun daga shafin farko, rabin kuɗin aikin kuma ya bi ruwa. Mutanen Darfur sun fara shigowa gabashin ƙasar nan tun 2003, saboda haka yaron da aka haifa a sansanin Farchana a shekarun farko yau magidanci ne. A rajista ɗan gudun hijira ne, amma a Chadi aka yanke masa cibiya. A ɗaya ɓangaren, 'yan'uwanmu 'yan asalin Chadi da suka tsero daga Afirka ta Tsakiya a 2014, da yawansu haihuwar Bangui ne, don haka suna cikin lissafin waɗanda aka haifa a waje ko da babu mai kiran su baƙi a unguwa. Tun daga ranar da aka dawo mini da rahoton nan ba na taɓa lissafi sai na ja layi uku a takarda: wurin haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, da matsayin gudun hijira. Wanda ya ga wannan ɓata lokaci ne, kada ya kawo mini aikinsa.

Na biyu, ɗalibi zai ga adadi ya ƙaru sai ya rubuta cewa baƙi sun cika ƙasa, bai tsaya ya tambayi yawan mutanen ƙasar baki ɗaya ba. Ƙidayar 1993 ta sami mutum miliyan 6 da 'yan kai, ta 2009 kuma kusan miliyan 11. Idan waɗanda aka haifa a waje ba su ƙaru daidai da wannan ba, kasonsu cikin ɗari ya ragu ke nan, duk da cewa yawansu ya hau. Haba, raba lamba biyu ne fa kawai!

Na uku, kada a ƙirga mai tsallake gadar Ngeli kullum daga Kuseri ta Kamaru zuwa Njamena don cin kasuwa, domin da yamma gida yake komawa.

Sai masu ɗora rula su ja layi miƙaƙƙe daga wata shekara zuwa wata, kamar mutane suna shigowa da awo. Yaƙi ne ke turo su a lokaci guda. Wanda ya miƙe layinsa daga 2009 ba zai hango dubban ɗaruruwan da suka kwararo ta garin Adre na kan iyaka bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023 ba. Alƙaluman da Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa tun daga na 1990 ƙiyasi ne a shekarun da ba a yi ƙidaya ba, ni kuwa da fensir nake rubuta su, in bar biro ga na ƙidaya.