Kurakuran da muke yi wajen rainon kwikwiyo, musamman in akwai tsohon kare a gida

Mu nan Mai Wurno a ƙasar Sudan duk mai jinena, wato lambu, a bakin kogin Nilu ko mai 'yan tumaki a zariba ya san kare ma'aikaci ne, addini ma ya yarda a ajiye shi don gadin gona da kiwo da farauta. Amma sau nawa za ka ji mutum yana ƙorafi wai karensa ya lalace, yana cizon yara, yana bin 'yan awaki har ya ji musu ciwo, ko kuma matsoraci ne da ya ji motsi sai ya shige ƙarƙashin angarib, wato gado. In ka bi diddigi tun yana kwikwiyo aka ɓata shi, kuma yawanci mu ne da hannunmu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne raba shi da uwarsa da wuri. Karya ta haihu a bayan gari, da kwiyakwiyan sun buɗe ido wajen sati 2 sun fara tatata sai yara su zo da kwali kowa ya ɗauki nasa, wai gara tun yana ƙarami ya fi sabo da mutum. To ai makarantar ce aka cire shi tun bai shiga aji ba. Daga sati 3 zuwa wajen sati 12 ne kwikwiyo yake ɗaukar yawancin halin da zai rayu da shi, a lokacin ne haƙoransa na nono guda 28 suke fitowa masu tsini kamar allura, in ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi sai wancan ya yi ƙara ya juya baya wasa ya tsaya, gobe ya sake a sake guje masa, a haka yake gane iya ƙarfin da zai sa a baki. Ka bar shi da uwarsa da 'yan'uwansa sati 8 aƙalla. In kuma an riga an kawo maka shi ƙarami, duk sanda ya ciji hannunka ka janye ka tashi ka bar wurin, kada ka doke shi, ka ba shi tsohuwar igiya ya tauna, sannan ka nema masa babban kare mai sanyin hali su riƙa haɗuwa.

Na biyu kuwa ni kaina na yi shi, shi ya sa yake min ciwo. Muna da wata tsohuwar karya a jinena, bakinta har ya yi furfura, na kawo ɗan baƙin kwikwiyo na sa masa Duna. Ranar nan da la'asar tana kwance a inuwar mangwaro yana ta hawa kanta yana jan kunnenta, ta kau da kai bai bari ba, ta tashi ta canza wuri ya bi ta, ta ɗage leɓe ta yi gurnani, da ya ƙi ji sai ta yi masa wata irin tsawa ta danne shi da ƙafa, ya kwanta ya juya ciki sama yana ihu kamar ana yanka shi. Ni kuma na zabura na ɗauki kara na zabga mata. Kawuna yana gyaran famfon ban ruwa ya ɗago ya ce, kai ɗan nan bar ta, karatu take ba shi, duba jikinsa ka gani ko akwai jini. Na ce Kawu ai kashe shi za ta yi. Na duba, ko ƙwarzane babu, sai yawu a wuyansa. Amma ɓarnar ta riga ta faru, tun daga ranar ta daina tsawata masa in ina wurin, shi kuma ya ga yana da mai tsaya masa, sai da muka sha wahala da shi kafin ya daina hawa kan kowa.

Gurnanin babban kare magana ce, cewa yake ya isa haka. In ka hana shi gurnani ka hana shi gargaɗi, wata rana cizo kawai za ka gani ba sallama. Horo na gaskiya gajere ne, daƙiƙa biyu uku an gama, babban ya sake shi, ƙaramin ya karkaɗe jiki can anjima ya dawo yana kaɗa wutsiya da ladabi. Wasa ma yana da alama, za ka ga kare ya sauke ƙirji ƙasa ya ɗaga baya sama, jikinsu a sake, suna karɓa-karɓa wannan ya kori wancan, wani lokaci babban ma da gangan zai kwanta ya bar ƙaramin ya hau shi. Inda za ka shiga tsakani shi ne in babban ya sandare ya kafe shi da ido, ko ƙaramin ya gudu ya ɓuya amma ya bi shi, ko ya kama shi yana girgizawa, ko ka ga jini. Wannan kam raba su nan take.

Akwai kuma masu sakar wa tsohon kare rainon gaba ɗaya. Tsoho ne fa, wataƙila gaɓoɓinsa na ciwo ga zafin rana, ka ba shi wurin da zai kwanta ƙaramin bai isa ba, kuma kwanon abinci kowa da nasa nesa da juna, rigima da yawa a kan ragowar asida take farawa. Haƙurin da manya suke yi da kwikwiyo yana raguwa in ya kai wata 4 zuwa 5, lokacin da yake famfara, kada ka yi mamaki in ka ga tsawar ta ƙaru.

Ba kowane babban kare ne malami ba. Wanda ya shekara a sarƙa yana haushin duk mai wucewa abin da zai koyar ke nan. Karnukan kasuwa da na bola kuwa ka nisanta shi da su, saboda cutar nan ta fabo mai sa amai da zawo da jini tana kashe kwiyakwiyai cikin 'yan kwanaki, ga kuma haukar kare. Rigakafin farko daga sati 6 zuwa 8 ake farawa, na haukar kare a wata 3, tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 samun likitan dabbobi ya yi wuya a wurare da dama amma ka yi cigiya, kafin nan ya tsaya da karnukan da ka san lafiyarsu. In kare ya ciji mutum a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 a wuce asibiti.

Sai masu kulle kwikwiyo a ɗaki mai duhu wai don ya yi zafi. Tsoro kawai ake cusa masa, kuma kare mai tsoro shi ne yake cizon ɗan maƙwabci ya bar ɓarawo. In gadin tumaki kake so ya yi, ka sa masa igiya ku bi tsohon kare zuwa zariba da safe, ya ga yadda yake ratsa dabbobi ba ya korar su, in ya zabura zai bi ɗan rago ka ja shi baya ka zaunar da shi, gobe ku sake komawa.