Yadda za a kunna janareta ba tare da hayaƙinsa ya cutar da iyali ba

A inda ake ƙona kwal don samar da lantarki, kamar tashar Anu Araren kusa da Agadas a Nijar, toka da iskar farar wuta ta dogon bututu suke fita. Mu a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, galibin wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa. Idan ruwa ya ja baya da bazara aka fara ɗauke wuta, sai kowa ya koma ga janareta, shi kuwa hayaƙinsa a tsakar gida yake sauka.

Abu na farko wurin ajiya. A sa shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa na kallon waje. Zaure, garejin mota ko shagon da aka ja wa ƙofa duk ba su yi ba, ko da an bar taga a buɗe. Injin fetur na fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau ɗari biyu da wani abu. Shi ya sa mai barci ba ya farkawa. Masu tsoron ɓarayi su yi masa keji na ƙarfe mai raga da kwaɗo, kada a shigo da shi ɗaki.

Sai a riƙa duba launin hayaƙi. Baƙi na nuna mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, yawanci matatar iska ce ƙurar hunturu ta toshe. A wanke soson matatar da sabulu, a bari ya bushe sarai. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, sau da yawa zobban fistin ne suka ci, sai bakanike. Ƙaramin injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, a bi ma'aunin da ke jikinsa, galibi mililita 20 a lita ɗaya. Fetur ɗin kwalba da ake kira zuwa-zuwa a tace shi kafin a zuba.

Idan mutum biyu ko uku suka kamu da ciwon kai, jiri da tashin zuciya lokaci guda, a kashe inji, a fitar da kowa waje, a wuce asibiti a gaya wa likita janareta na kunne. Mai ciki da jariri a kai su ko da sun ji sauƙi.