Masu kiwon alade a Legas, ku tsare ƙofar garke

Kada mai saye ko dillali ya taka cikin garkenku. Ku fito masa da aladen waje ya duba. Wanda kuwa dole ya shiga, ya sauya takalmi ya sa na roba da kuka keɓe wa cikin garke kaɗai.

Dalili shi ne zazzaɓin aladu na Afirka. Ba shi da magani, allurar kashe ƙwayoyin cuta ma asarar kuɗi ce kawai. Alade zai daina ci, jiki ya yi zafi ya haura digiri 40, kunne da ciki su yi jajir ko shuɗi-shuɗi, mai ciki ta yi ɓari. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sai mutuwa, sau da yawa garken kaf. Haka ya yi ɓarna a Oke-Aro, babbar matattarar masu kiwon alade da ke kan iyakar Legas da Ogun, a 2020.

Cutar ba ta kama mutum, amma mutum ke yawo da ita a tafin takalmi da tayar mota.

A bakin ƙofa ku ajiye daron tsoma takalmi: giram 20 na soda mai ƙuna (caustic soda) a kowace lita ta ruwa. Ku sa safar hannu, sodar tana cin fata. A kankare kashi da laka da buroshi tukuna, don datti na kashe ƙarfinta. Da damina ruwan sama kan tsinka ta, sai a rufe daron, a riƙa sauyawa kullum.

Daro ba zai hana abin da ya shigo ta baki ba. Ragowar abincin otal a tafasa shi minti 30. Sabon alade kuma a ware shi kwana 30.

In ɗaya ya mutu, ku kira likitan dabbobi, kada ku yi saurin sayar da sauran.