Yadda ake bin diddigin sana'ar saƙa ko rini ta kakanni a Kebbi da Zamfara

A gidaje da yawa daga Jega zuwa Gusau za ka ji ana cewa "kakanmu da tufafi ya yi arziki", amma in ka matsa da tambaya sai zancen ya tsaya nan. Kafin ka ɗauki biro, ka fara tantance wace sana'a ce tasa, domin harkar tufafi hannuwa da yawa take bi, kuma kowane hannu da irin sawun da yake bari. Akwai masaƙi, akwai marini mai ramukan rini, akwai mabugi mai buga tufa ta yi sheƙi, akwai dillali da bafatake da ba su taɓa zama gindin masaƙa ba, sannan akwai wanda ya yi aikin albashi a gidan gurzar auduga ko kamfanin saƙa. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai yi wata uku yana neman takardar albashin mutumin da bai taɓa karɓar albashi ba.

Fara da masu rai, kuma ka fara da mata

Rubuta sunayen duk wanda ya haura shekara 70 a dangi da maƙwabta, ka jera su daga mafi tsufa. Gwaggo da inna da kakanni mata su ne kan gaba, saboda kaɗi aikinsu ne: su suka gurza auduga, suka shiɓe ta, suka kaɗa da mazari. Sun san wa ke sayen zaren gidan, nawa ake biya, da lokacin da aka daina saye. Maza sukan riƙe sunan sarauta da labarin fatauci, mata kuwa sukan riƙe lissafi.

Ka je da goro ko ɗan abin gaisuwa, da hantsi ko bayan la'asar. Nemi izini kafin ka kunna waya don naɗar murya, kuma kada zama ɗaya ya wuce minti 45 zuwa awa guda. Gara ka koma sau uku da ka gajiyar da tsoho a rana ɗaya. Kowa ka gan shi shi kaɗai. In ka tara su a zaure, babba zai yi magana, saura su ce "haka ne", ka tashi da shaida ɗaya kana zaton biyar gare ka.

Yadda ake tambayar ma yana da muhimmanci. Kada ka ce "Baba, ai an ce Kaka ramuka goma gare shi ko?", don amsar da za ka samu ita ce "ƙwarai kuwa". Ka ce: "Baba, ramukansa nawa ne, kuma daga ina zuwa ina suke?" Sauran abin da ya kamata ka ji: a wurin wa ya koyi sana'ar, yara nawa ke aiki ƙarƙashinsa, ina yake samo baban rini da toka, wace kasuwa yake kai kaya kuma ran wace rana, wane dillali ke karɓa, da irin tufar da aka san shi da ita, ko saƙi ce, ko gwado, ko luru, ko farin saƙa. Tambayi laƙabinsa. Garin da ke da Muhammadu arba'in, laƙabi ne ke raba su.

Wani lokaci hirar za ta taɓo asalin ma'aikatan gidan, har da zancen bauta. Ka rubuta yadda aka faɗa maka, amma kada ka yaɗa shi sai dangin da abin ya shafa sun yarda.

Sanya wa labari shekara

Tsofaffi ba sa ƙirga da kalanda, da abin da ya faru suke ƙirge. Sai ka riƙe 'yan turaku a ka: Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Hassan ya ziyarci Argungu a 1934, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya hau a 1938 ya rasu a 1988, Sarkin Gwandu Haruna Rashid ya hau a 1954, an kashe Sardauna a Janairun 1966, an yi canjin hannu a titi a 1972, naira ta maye gurbin fam a Janairun 1973. Idan aka ce "ya rufe marina ana gab da canjin kuɗi", ka san kana kusa da 1972.

Kuɗin da aka ambata ma alama ce. Wanda aka ce yana ciniki da kuɗin wuri, ana ƙirga masa keso, keso ɗaya wuri 20,000, to ya riski zamanin kafin kuɗin Turawa su kankama. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, kuma a ranar canji fam ɗaya ya zama naira 2. In ka samu wasiƙar ajami mai shekarar Hijira, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: shekarar 1350 za ta ba ka 1931. Lissafin kan iya kaucewa da shekara ɗaya, don haka ka rubuta "wajen".

Kayan da suka rage a gida

Nan ne aka fi yin asara, domin abin da ake nema yakan kasance a ƙasan adaka ko cikin tsohon rumbu, ana masa kallon tarkace. Nemi ƙoshiya, masefi, allira, kwarkwaro, mazari, muciyar rini, da sandar bugu. Faɗin masefi, wato matsefin da ke danne zare a masaƙa, shi zai gaya maka faɗin ƙwarya, wato siririn ƙyallen da yake saƙawa, don haka ka auna shi da sentimita ka kwatanta da tufafin da ake cewa aikinsa ne. Idan ƙwaryar rigar ta fi masefin faɗi, ba a kan wannan masefin aka saƙa ta ba.

Tufar kanta ka shimfiɗa ta a inuwa bisa farin zane, ka ajiye rula a gefe, ka ɗauki hoto uku: gaba ɗayanta, wurin ɗinkin da ya haɗa ƙwarya da ƙwarya, da kusa sosai inda zare ke fitowa ɗaya ɗaya. Ƙirga ƙwaryoyin. Zaren hannu ba ya tafiya daidai, wani wuri kauri wani wuri siriri, shi kuwa na inji sumul yake. Sai dai kada ka yanke hukunci da wannan kaɗai, don masaƙa sun daɗe suna haɗa zaren kanti da na gida a tufa guda. Faffaɗan zane mara haɗi kuwa ya fi kama da saƙar mata, wadda ake yi a tsaye cikin gida. Mai yiwuwa sana'ar kaka mace ce aka jingina wa mijinta.

Kada ka wanke tufar da aka rina aka buga. Ruwa zai tafi da shunin da sheƙin, kuma ba sa dawowa. Kada ka ɗaure ta a leda, gumi zai sa ta yi fumfuna. Naɗe ta cikin farin ƙyalle, ka ɗaga ta daga ƙasa saboda gara.

Je ka ga wurin

Garuruwa da dama a wannan yanki suna da shiyar marina ko shiyar masaƙa ko da sana'ar ta mutu. Bi ta hannun mai unguwa, shi zai haɗa ka da Sarkin Marina ko Sarkin Masaƙa in har sarautar na nan, ko da zuriyarsu. Ramin rini gado ne, ana sayar da shi, ana jinginar da shi, shi ya sa tsofaffin marina sukan iya nuna maka na wane da na wane ko bayan an cike su. Zana taswirar ƙarofin, wato filin ramukan rini, da hannu, ka sa wa kowane rami lamba da sunan mai shi, ka adana wurin a taswirar waya. Yi hattara da ramin da shara ta rufe bakinsa, zurfinsa ya fi tsayin mutum. Kuma a halin da hanyoyin karkara ke ciki, musamman a Zamfara, ka tuntuɓi mutanen garin kafin ka kama hanya. Da yawa daga tsofaffin da kake nema ma sun koma Gusau ko hedikwatar ƙaramar hukuma.

Takardu

Kuskuren farko shi ne neman fayil da sunan jiha. An ƙirƙiro Kebbi a 1991, Zamfara a 1996, dukansu daga jihar Sakkwato. Takardun zamanin Turawa suna ƙarƙashin Lardin Sakkwato, a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, cikin jerin da ake kira SOKPROF. Na ƙasar Zuru kuma ka duba ɓangaren Kwantagora. Abin da za ka nema shi ne rahoton kimanta haraji na gundumarku, inda jami'an mulki suka riƙa ƙirga masaƙa da marina da ramukan rini da abin da mai sana'a ke samu a shekara. Tun kafin Turawa ma akwai harajin ramuka, kuɗin ƙarofi. Kada ka sa ran ganin sunan kakanka, da wuya. Abin da rahoton zai ba ka shi ne ma'auni: in garin duka ramuka 40 aka ƙirga, ana kuma cewa kakanka shi kaɗai 60 gare shi, ka san an ƙara gishiri, ko kuma zamanin ne ya bambanta.

Turawa sun rubuta sunayen garuruwa yadda kunnensu ya ji: Tsafe ta zama Chafe, Kwatarkwashi ta zama Kotorkoshi, Gwandu a tsofaffin takardu Gando. Gwada kowane rubutu. Tafi da katin shaida, ka ware aƙalla kwana uku, ka rubuta lambar kowane fayil kafin ka buɗe shi. A Sakkwato akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda kundayen ɗalibai kan garuruwa ke ɗauke da hirarrakin dattawan da yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Inda sunan mutum ya fi fitowa shi ne takardar rabon gado ta kotun alƙali, domin a nan ake jera ramuka da riguna da basussuka, sai ka tambaya a fada da kuma tsohuwar kotun garin.

Idan kakan naka ɗan kamfani ne, hanyar daban ce. Jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, kamfanin auduga na Ingila, BCGA, ya yi gidan gurza a Gusau, daga baya kuma aka kafa masaƙar Zamfara Textile a garin. Nemi katin aiki, takardar albashi ko ta sallama a gida, don lambar ma'aikaci ta fi suna saurin kai ka ga fayil. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa tana da hedikwata a Kaduna. Wanda ya yi wa kasuwancinsa rajista kuma, a bincika sunan a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC.

Wajen rubutawa, raba kowane shafi gida uku: abin da aka ce, wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, sai abin da ya tabbatar da shi. Magana ba ta shiga gida na uku sai mutum biyu da ba daga bakin juna suka ji ba sun faɗe ta, ko wata takarda ko wani kaya ya mara mata baya. Inda ruwayoyi suka saɓa, ka kawo duka biyun. Muryoyi da hotuna ka ajiye su wuri uku: waya, kwamfuta ko filashi, da imel. Ka buga kwafi biyu a takarda, ɗaya ya zauna wurin babban gida, ɗaya wurin wanda ke zaune a wani gari.