Yadda za ka gane laifin wuce layi a ƙwallon Amurka

Wanda ya taso da kallon ƙwallon ƙafa, in ya fara kallon ƙwallon Amurka, akwai hukuncin da kan ɗaure masa kai. An jefa ƙwallo, an cafe ta tsaf, ɗan wasa ya sheƙa yadi talatin, 'yan kallo sun kaure da ihu. Can sai ka hango ƙyalle rawaya yashe a ƙasa. Alƙalin wasa ya fito, ya ɗora hannun dama a kan hularsa, ya kira wata lamba, sittin da wani abu ko saba'in da wani abu, aka dawo da ƙwallo baya. Mai lambar nan bai taɓa ƙwallon ba, bai ja rigar kowa ba. Ƙafa ce kawai ta yi masa sauri, ya wuce layi kafin a jefa ƙwallo. Laifin ya yi kama da satar gida ta fuskar cewa wuri da lokaci ne ke kama mutum, kuma in ka san inda za ka ajiye ido, za ka riga alƙali ganinsa.

Abu na farko, tun kafin a taɓa ƙwallo, ka tantance waɗanda dokar ta hau kansu. Masu kai hari su goma sha ɗaya ne, kuma dole aƙalla bakwai su jeru a kan layin farawa, wato layin da ƙwallon take ajiye a kai. Biyun da ke bakin layi, dama da hagu, suna da izinin karɓar jifa, haka ma waɗanda ke tsaye a baya. Biyar ɗin tsakiya, ƙattin da aikinsu tare abokan gaba ne, ba su da wannan izini. Rigarsu ma tana faɗa maka: lambarsu daga 50 zuwa 79 ce. Waɗannan biyar za ka sa wa ido.

A wasan jami'o'i maganar ta ƙare nan, mai irin wannan lamba ba ya karɓar jifa ko ina ya tsaya. A gasar ƙwararru ta NFL kuwa akwai ƙofa. Ƙaton ɗan layi zai iya zuwa wurin alƙali ya shaida masa cewa a wannan yunƙurin mai karɓa ne shi, alƙali ya sanar da kowa ta lasifika, shi kuma ya tsaya a bakin layi ko a baya. Ka kasa kunne ga wannan sanarwa, domin ta taɓa kashe wasa sukutum. Ranar 30 ga Disamba 2023, Dallas Cowboys suna gaban Detroit Lions da maki ɗaya saura daƙiƙoƙi a tashi, mai jifan Lions Jared Goff ya jefa wa Taylor Decker mai lamba 68, ya cafe, Lions suka ɗauka sun wuce gaba. Ashe wanda alƙalin wasa Brad Allen ya sanar shi ne mai lamba 70, wato Dan Skipper. Aka soke makin, Cowboys suka ci 20 da 19. Wannan laifin taɓa ƙwallo ne ba izini, daban da wanda muke magana a kai, amma tushensu ɗaya: wane ne mai izini, wane ne marar izini.

Na biyu, ka san gasar da kake kallo, don ba ma'auni ɗaya ake amfani da shi ba. A NFL yadi ɗaya tak aka yarda ɗan layi ya wuce layin farawa kafin a jefa ƙwallo. A jami'o'i, ƙarƙashin hukumar NCAA, yadi uku ne. A yawancin makarantun sakandare biyu ne. Yadin nan shi ne dai na mai sayar da atamfa, bai cika mita ɗaya ba, don haka taku biyu na ƙato sun isa su jefa shi cikin laifi a NFL. Fili kansa zai taimaka maka wajen awo: dogayen layukan fari tsakaninsu yadi biyar ne, gajerun zanen da ke tsakani kuma kowanne yadi ɗaya. Gidajen talabijin kan zana layin farawa a kan hoto, galibi da shuɗi. Daga nan za ka fara ƙirga.

Na uku shi ne mai wuya, domin sai ka yi wa idonka dole: ka bar bin ƙwallo. Da zarar an miƙa ta baya, dubi abin da biyar ɗin nan suka yi a takunsu na farko. In suka ja da baya suna kafa katanga a gaban mai jifa, wanda ake kira kwatabak, to jifa aka shirya, kuma da wuya a samu wannan laifi. In suka tunkuɗa gaba da ƙarfi, gudu da ƙwallo aka shirya, kuma a wasan gudu babu wanda ya hana su tafiya duk inda ƙafa ta kai su. Rikici yana tasowa ne in suka tunkuɗa gaba kamar za a yi gudu, sannan kwatabak ya fasa miƙawa ya jefa.

Dalilin dokar ke nan. Masu tsaron gida daga jikin 'yan layi suke karanta wasa. In sun ga ƙatti sun taho, sai su rugo gaba su tare mai gudu, su bar bayansu a buɗe. Da an bar 'yan layi su yi ta kutsawa a kowane jifa, da mai tsaro ba shi da abin da zai dogara da shi, ga kuma mutum mai nauyin kilo ɗari da arba'in ya tsaya masa a hanya yayin da ƙwallo ke wucewa ta kansa.

Salon da ake kira RPO, wato zaɓi tsakanin gudu da jifa, shi ya mayar da wannan doka abin gardama a kowane mako. A cikinsa 'yan layi suna tarewa ne kamar gudu za a yi, kwatabak kuma sai ya dubi motsin mai tsaro guda kafin ya yanke shawarar miƙawa ko jifa. Su 'yan layin ba su san abin da ya zaɓa ba, bayansu suka ba shi. In ya yi jinkirin ƙiftawar ido, sun riga sun wuce. Salon ya yi ƙarfi a jami'o'i saboda sararin yadi uku, har a 2015 kwamitin dokoki na NCAA ya kawo shawarar a rage shi zuwa ɗaya. Masu horarwa da yawa suka ƙi, aka jingine maganar. Philadelphia Eagles kuwa sun nuna ana iya cin moriyarsa ko da yadi ɗaya ne, a kakar da suka ɗauki kofin Super Bowl a Fabrairun 2018 da kwatabak Nick Foles, sai dai dole ƙwallo ta bar hannu nan take. A ganina yadi ukun jami'o'i ya yi wa masu tsaro rashin adalci, musamman da yake a filin ana yawan kau da kai ga wanda ya kai huɗu.

Na huɗu, lokacin da ake awo. Daƙiƙar da ƙwallo ta bar hannun mai jifa ita ce ma'auni, ba lokacin da aka cafe ta ba. In ana maimaita hoton a hankali, tsayar da shi daidai nan, ka dubi ƙafafun biyar ɗin. Mutane da dama kan yi ihun laifi don sun ga ƙato can gaba sa'ad da aka cafe, alhali bayan sakin ƙwallo ya tafi. A jami'o'i kuma ka tuna cewa komawa baya ba ya wanke mutum: in ya taɓa wuce yadi uku kafin jifa, ya yi laifi ko da ya dawo.

Sai ka duba ko yana da uzuri. A NFL, in ɗan layi ya haɗu da abokin gaba cikin yadi ɗaya na layi, ya ci gaba da tura shi baya ba tare da sun rabu ba, babu laifi ko sun yi nisa. Amma da zarar mutumin ya kuɓuce masa, ba zai ƙara taku gaba ba sai an jefa. Jami'o'i ba su da wannan rangwame, uku dai uku ne. Su nasu rangwamen a wani wuri yake: dokar tana aiki ne kawai in jifar ta tsallake layin farawa. Shi ya sa a wasan jami'a za ka ga an yi wa mai gudu gajeren jifa a bayan layi, ƙatti uku sun riga sun yi gaba suna share masa hanya, kuma babu wanda ya ce uffan. A NFL ko jifar ba ta tsallake layi ba dokar tana nan, don haka 'yan layi kan ɗan riƙe mutuminsu, su zame gefe, su jira sakin ƙwallo. Jifa ta baya ko ta gefe ba ta cikin lissafi a ko'ina.

Daga ƙarshe, saurari abin da alƙali ya yanke, don wucewa daban, tarewa daban. Wanda ya wuce layi kawai, a mayar da ƙungiyarsa baya yadi biyar a sake yunƙurin. Wanda ya wuce ya kuma je ya bangaji mai tsaro can gaba kafin jifa, ko ya tare shi kusa da inda ƙwallo ta nufa tun tana sama ba a taɓa ta ba, ana iya kama shi da laifin hana karɓar jifa, wanda ya fi nauyi: yadi 10 a NFL, 15 a jami'o'i. Masu tsaro kuma suna da damar ƙin karɓar hukuncin. In yunƙuri na uku ne, cikin huɗun da ake ba masu kai hari su ci yadi goma, kuma jifar ta faɗi ƙasa ba a cafe ba, kusan kullum za su ce a bar shi, gara a shiga na huɗu abokan gaba su buga ƙwallo su miƙo ta.